Tarihin da ke Kwance Cikin Gonaki: Daga Damagaram zuwa Danciyawo

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Damagaram ya nufi Magarya ya san hanyar nan sarai. Tafiya ce ta kilomita wajen 90, kwalta miƙe, itatuwan gawo dama da hagu, gonakin gero da dawa iyakar ganin ido, nan da can kuma a hangi fadama da rake. Matafiyi yakan yi gyangyaɗi, in ya farka ya tambayi yaron mota ko an wuce Bande, sa'an nan ya koma barcinsa. Ba ya ganin doguwar hasumiya irin ta Agadas, ba ya ganin ƙofar birni irin ta Kano, saboda haka yakan ɗauka ƙasar kudu ƙasar noma ce kurum, ba ta da wani labari da ya wuce na damina da kaka.

Alhali kuwa a cikin wannan ɗan yanki, tsakanin Magarya da Danciyawo da Dungas, sarautu huɗu suka yi iyaka da juna a ƙarni na 19, suka yi auratayya, suka yi yaƙi: tsohon gidan sarautar Daura, da ƙasashen Tsotsebaki, da Gumel, da kuma Damagaram wadda ta fi su duka ƙarfi. Tarihinsu bai tafi ko'ina ba. Yana kwance cikin gonaki ƙarƙashin hauya, yana kuma cikin bakin tsofaffi. Na bi hanyar nan bayan an gama girbi, na yi ƴan kwanaki ina yawo, ga abin da na gani, ga kuma abin da ya hana ni barci da na komo.

Birni, inda tarihi yake tsaye

Daga Birni tafiyar ta fara, domin wanda bai san Damagaram ba, ba zai gane abin da ya faru a kudu ba. Masana tarihi sun ce wani malami mai asalin Barno ya kafa gidan sarautar wajen shekara ta 1731, amma sai a farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman, aka mai da Zindar gidan mulki. Wanda ya ɗaukaka ƙasar kuwa ɗansa ne, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a shekara ta 1884 bayan mulki na shekara 30 da ɗoriya. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi daga hannun fataken arewa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin garin. Har yau ana ganin guntayen ganuwar tsakanin manyan duwatsu, ana ganin fadar sarki, ana ganin unguwar Zango inda ayarin Abzinawa da na Larabawa suke sauke kaya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka garin a ƙarshen shekara ta 1852, ya yi wata guda kafin ya wuce Katsina da Sakkwato.

A shekara ta 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe kyaftin Cazemajou a Zindar. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga garin. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasarmu, kafin a mai da shi Yamai. A shekara ta 2006 kuma Nijar ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren da take nema wa shiga kundin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO.

Wannan tarihi ne mai bango, mai ƙofa, mai mai gadi, wanda baƙo yakan zo ya ɗauki hotonsa. Amma ganuwa ba da ƙasa da ruwa kaɗai ake gina ta ba. Hatsin da ya ci da magina, da harawar da ta ci da dawakin yaƙi, da mutanen da aka kama aka sayar don a sayi albarushi, da dama daga cikinsu daga garuruwan kudu suka fito. Wanda yake son ya ga ɗaya fuskar ganuwar Birni, sai ya gangara kudu.

Kafin mu isa Magarya, ku dubi gawon nan da ke bakin hanya. Itace ne da yake zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki, da rani ƴaƴansa su ci da dabbobi. Tsofaffi suna ba da labari cewa Sarki Tanimun ya hana saransa, ya aza hukunci mai tsanani bisa wanda ya karya dokar. Bayan farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, manoman Mirya da Magarya da Matamai suka koma barin ƙananan gawo su girma cikin gonakinsu, har ƙasar ta sake rufa. Ashe itacen da muke wucewa ba mu kula da shi ba, shi ma shaida ne.

Magarya, ɗiyar Daura

Mutane da yawa sun san Magarya da kasuwa, da gyaɗa, da hanyar Tinkim mai shiga Najeriya. Kaɗan ne suke tuna cewa sarautarta reshe ce ta Daura.

A shekara ta 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi. Ba da daɗewa ba Malam Isiyaku, wanda ya karɓi tuta, ya ci birnin Daura. Sarkin da ke bisa gado, Abdu, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Gwari, ya fita da jama'arsa ya yi arewa, ya yi shekaru yana tashi daga wannan gari zuwa wancan yana neman hanyar komawa gida. Tarihin Daura ya ce a Yekuwa ya yi zamansa na ƙarshe, Yekuwar nan da take cikin gundumar Magarya a yau. Bayan rasuwarsa gidan ya rabu: wani reshe ya zauna Zango, wani Baure, wani Magarya, kowane yana riƙe da asalinsa na Daura, dukansu kuwa a ƙarƙashin inuwar Damagaram, suna kai gaisuwa, suna ba da mayaƙa in an tashi yaƙi. Haka aka zauna wajen shekara 100, har Ingilishi suka ci ƙasar Hausa ta kudu, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da tsohon gidan bisa gadon Daura a farkon ƙarni na 20.

Watau in mutum ya je Daura ya sha ruwan rijiyar Kusugu, aka ba shi labarin Bayajida da Daurama, ya kamata ya san cewa akwai wani babi na labarin da ba a cikin birnin aka yi shi ba. A ƙasarmu aka yi wani sashe nasa. Wani masani mai suna M. G. Smith ya wallafa littafi bisa al'amuran Daura a shekara ta 1978, wani kuma ɗan Amurka, William Miles, wanda ya taɓa koyarwa a Magarya, ya zauna Yekuwa da Ƴardaje, ya wallafa nasa a 1994. Dukansu da Ingilishi aka rubuta su. Ɗan Yekuwa da ya gama yaƙi da jahilci bara, wane littafi zai buɗe da harshensa ya karanta labarin garinsa?

Kufai a Danciyawo

Daga Magarya na yi kudu maso gabas bisa kabu-kabu, na nufi Danciyawo, wanda takardun gwamnati suke rubutawa Dantchiao. Ƙaramar hukuma ce mai iyaka da Najeriya, Babura ba ta da nisa daga can ƙetare. Ƙasa ce ta rairayi, mai cike da jama'a, gona na manne da gona, da wuya a ga daji. Na fara da kai gaisuwa ƙofar mai gari kamar yadda ya kamaci baƙo, na faɗi abin da ke tafe da ni. Aka haɗa ni da wani dattijo a wani ƙauye na kusa, mai shekara 80 ko fiye, aka ce ya san ƙasa.

Da hantsi ya ɗauki sandarsa muka fita bayan gari. Muka yi tafiya cikin karan dawa har ya tsaya, ya nuna mini wuri da sanda, ya ce nan garin kakanninsa yake. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga kome ba sai gona. Na ce, Baba, ina garin? Ya yi dariya, ya ce ilmin lakwal bai koya mini karatun ƙasa ba. Daga nan ya shiga koya mini, ni kuwa ina rubutawa. Ga alamun da ya nuna mini, domin alamu ne da kowa zai iya nema a ƙasarsu.

Alama ta farko kukoki ne. In ka ga kuka 5 ko 10 sun taru wuri guda a tsakiyar gona, to mutane sun taɓa zama nan, domin a jujin gida ƙwallon kuka yake tsirowa, mai gida kuma ya bar ta saboda miya da igiya. Ta biyu wani dogon tudu ne da bai kai gwiwa ba, ya yi baka ya kewaye wurin. Ganuwa ce ta zube. A gefensa akwai ɗan kwari inda ruwa yake kwanciya da damina, nan ne gwalalon da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ginin. Ta uku tsingaro ne, watau fasassun tukwane, birjik bisa ƙasa, wasu da zanen da matan yanzu ba su yi. Ta huɗu bakin ramukan marina ne, zagaye, daɓe da katsi mai tauri, rairayi ya cika su. Ta biyar wasu baƙaƙen duwatsu ne masu nauyi, masu ƙofofi kamar saƙar zuma. Ba duwatsu ba ne, kashin tama ne da ya rage inda maƙera suka narka ƙarfe. Ta shida wani lotsattsen wuri ne, tsohuwar rijiya da ta rufta. Ta bakwai kuwa wani ɗan fili ne da sabara ta rufe, ba a noma shi. Nan dattijon ya tsaya ya yi addu'a, domin maƙabarta ce.

Gari mai ganuwa, mai marina, mai maƙera, ba ƙaramin gari ba ne. Na tambaye shi abin da ya tashe shi. Ya ce yadda ya ji daga kakansa, hari ne ya fara cin garin, aka kwashi mutane aka yi arewa da su, waɗanda suka tsira suka komo suka gyara. Bayan zuwan Nasara rijiya ta ja baya, yunwa ta biyo, sauran suka watse, wasu suka kafa ƙauyen da yake zaune yanzu, wasu suka ƙetara kudu.

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da aka sani game da yankin duka. Ƙasar da ke tsakanin Damagaram da Kano hanyar runduna ce a ƙarni na 19, har zuwa zamanin da Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano lokacin Sarki Alu. Yunwar shekara ta 1913 zuwa 1914, wadda mutanen ƙasar Daura suke kira Kakalaba, ta tashi garuruwa masu yawa. Haka nan aikin dole na zamanin kumandan, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, ya sa gidaje da dama suka gudu ƙasar Ingilishi da dare. Kowane kufai a ƙasar nan yana da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, ko ma dukansu.

Amma ga abin da ya tayar mini da hankali. Wani sashe na tudun ganuwar an riga an haƙe shi an buga tubali. Ramukan marina, in ji dattijon, sun fi haka yawa da yana yaro, garmar shanu ta fasa bakin wasu. Kuka guda ta faɗi, ba wata ƙarama da ke tasowa a madadinta. Ban ga laifin mai gona ba, domin iyali sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa, ba wanda kuma ya taɓa gaya masa cewa tudun nan yana da wata daraja. Da na nemi sunayen masu garin da suka yi mulki a kufan, dattijon ya girgiza kai, ya ce ba shi ne mai wannan ba, wani yayansa ne yake jero su tun daga na farko, da kirarin kowa, Allah kuwa ya yi masa rasuwa da daminar da ta wuce. Ƴaƴansa suna ci-rani, ba wanda ya riƙe. Na makara da wata 4 kurum, jerin sunayen da aka yi shekara fiye da 100 ana miƙa wa juna ya bi shi kushewa.

Dungas da ƙasashen Tsotsebaki

Daga Danciyawo in aka yi arewa maso gabas sai Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekara ta 2011, bayan an cire ta daga Magarya. Gundumar sabuwa ce, amma sarautar tsohuwa ce, ta girmi ta Damagaram. Dungas da Washa da Mirya su ne ake kira ƙasashen Tsotsebaki. Labarin baka ya ce asalinsu ɗaya, daga wani ɗan sarki da ya fito Barno, wanda ake kira Muhammadu Nafarko, daga baya jikokinsa suka rabu kowa ya kafa gadonsa. Sun daɗe suna kai gaisuwa Barno, har Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19 ta sa su ƙarƙashinta. Yau yaro yakan gama makarantar firamare a Dungas ya san sunan Tanimun, wannan kuwa daidai ne, amma bai taɓa jin kalmar Tsotsebaki a cikin aji ba.

Kudu da Dungas, a ƙetaren iyaka, akwai Maigatari mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, bayanta kuma Gumel, inda Barth ya ratsa a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Mutanenmu suna zuwa can kowane mako da raƙuma da shanu. Nawa ne daga cikinsu suka san cewa sarakunan Gumel sun zauna Tumbi, a cikin ƙasar Nijar ta yau, kafin su koma mazauninsu na yanzu gab da tsakiyar ƙarni na 19? Kamar yadda wani sashe na tarihin Daura yake wajenmu, haka wani sashe na tarihin Gumel. Namu kuma wani sashe yana wajensu.

Tangaraho

Abin da ya raba waɗannan labarai biyu yana nan tsaye cikin gonaki. Kwana na uku wani saurayi ya kai ni kudu da gari ya nuna mini wani dogon ƙarfe kafe a ƙasa, ya yi tsatsa, gero ta wannan gefe, gero ta wancan gefe. Mutanen bakin iyaka suna kiransa tangaraho, saboda ya yi kama da turken wayar tangaraho ta dā.

Ga asalinsa. A shekara ta 1898 Faransa da Ingila suka ja layi bisa takarda, amma layin ya bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Zindar. Suka sake zama a 1904, suka kuma sake a 1906, aka matsa layin kudu. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ta bi ƙasa da ƙafa, kyaftin Tilho ta wajen Faransa, manjo O'Shee ta wajen Ingila, suna awo, suna kafa alamu, guda 148 daga kogin Kwara har tafkin Cadi. A nan ne Magarya ta faɗo ta arewa, Zango da Baure suka faɗa ta kudu. Ƴaƴan gida ɗaya, wani ya wayi gari talakan Faransi, wani talakan Ingilishi, wani yana biyan haraji da tamma, wani da sule.

A cikin tawagar Tilho akwai wani tafinta mai suna Landeroin, wanda ya ji Hausa. Duk inda suka sauka yakan tara fadawa da tsofaffi ya tambaye su asalin sarautarsu, ya rubuta. Aka buga abin da ya tattara a Paris a shekara ta 1911. Yawancin abin da ake karantawa a littattafai game da Tsotsebaki daga nan ya samo tushe. Mu yaba masa, domin da bai rubuta ba, da an yi babbar hasara. Amma mu tuna, baƙo ne da ya zo tare da masu bindiga, shekara 7 ko 8 bayan Tirmini. Wanda aka ci ƙasarsa, in mai cin ƙasar ya tambaye shi labari, yakan auna abin da zai faɗa. Kuma ƙofar fada ya tsaya, bai bi maƙera da marina da masu daka ba.

Bayan samun mulkin kai ƴan ƙasa suka ɗauki aikin. A shekara ta 1968 aka buɗe cibiyar tattara labarun baka a Yamai, wadda ake kira CELHTO yanzu. A 1971 marigayi André Salifou, haifaffen Zindar, ya wallafa littafinsa bisa Damagaram a ƙarni na 19, ya haɗa abin da ke cikin takardu da abin da ya ji daga bakin tsofaffi. Aiki ne babba. Sai dai mutum guda ba ya iya bin kowane kufai. An rubuta tarihin manyan fadoji, na ƙananan garuruwa yana jiran mai rubuta shi.

Kufan jiya-jiya

Kada kuma mu ɗauka kufai sai na zamanin kibiya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano kafin yaƙin duniya na farko, gyaɗa ta zama dukiyar ƙasar nan, ana ɗora ta bisa raƙuma da jakuna, daga baya bisa manyan motoci, ana kai ta kudu. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayenta, aka kuma gina masana'antar matsar mai a Magarya. Fari da cutar da ta faɗa wa shukar a 1975 suka karya wannan ciniki. Filayen da aka yi awo da sikeli, da tsofaffin ɗakunan ajiya, da barikin kumandan, su ma wuraren tarihi ne. Waɗanda suka yi dako da awo a wurin suna nan da ransu, ana iya tambayarsu yau. Shekara 20 nan gaba sai dai a ce an ce.

Aikin da ke gabanmu

Ƴan'uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, wannan magana taku ce kafin ta kowa. Kun koyi karatu da rubutu don lissafin gona, da wasiƙa, da takardar likita. Ga wani aiki da ba wanda ya fi ku cancanta da shi, domin masanin da zai taso daga Yamai baƙo ne, ku kuwa jikokin masu labarin ne. Littafin rubutu guda da alƙalami sun isa. Wanda yake da wayar da take ɗaukar murya, ya ɗauka, sa'an nan ya zauna ya juya ta bisa takarda, domin waya tana ɓacewa, tana lalacewa.

A kan shafin farko ku sa ranar da kuka yi hirar, da sunan mai ba da labari, da shekarunsa, da wanda ya ji labarin daga gare shi. Ku rubuta yadda ya faɗa, da irin Hausarsa, kada ku gyara masa. Ku tambayi sunan kufai, da sunan kowace rijiya, da na kowace ƙofa, da wanda ya fara saran wurin, da inda ya fito, da shekarun da aka yi wa suna saboda yunwa ko fāra ko annoba. Kada ku tsaya gida ɗaya. In gidan sarauta ya faɗi nasa, ku ji na maƙera, da na wanzamai, da na Fulanin da suke shayarwa a rijiyar, da na maroƙa masu riƙe da kirari. Ku zauna da tsofaffin mata, domin su suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wace. In labari biyu suka saɓa, ku rubuta dukansu, kada ku zaɓa. In kuna da dangi a Babura ko Baure ko Maigatari, ku tambaye su ranar kasuwa, wataƙila rabin da ya ɓace muku yana wajensu.

Akwai kashedi biyu. Na farko, kada a yi haƙa, kada a kwashi abin da aka gani a kufai, kada a sayar wa mai yawon saye. Tukunyar da aka cire daga mazauninta ta zama tukunya kurum, ba ta sauran ba da shaida. Na biyu, tarihi ba sanda ba ne. A cikinsa akwai wanda kakansa ya kama, akwai wanda aka kama kakansa, yau kuwa duk ƴan ƙasa ɗaya ne, doka ɗaya ta rufe su. Wanda ya tono labari don ya ci mutuncin maƙwabcinsa, ko don ya hura wutar rikicin sarauta ko na gona, ya ɓata aikin, ya kuma sa tsofaffi su kama bakinsu.

Ga ma'aikata da shugabanni kuma, tun shekara ta 1997 ƙasarmu take da dokar kare kayan tarihi. Amma doka ba ta kare abin da ba a san da shi ba. Magajin gari, tare da sarakunan gargajiya, yana iya buɗe littafi guda a ofishinsa, a rubuta sunan kowane kufai, da kowace tsohuwar ganuwa, da kowane tangaraho, da mai gonar da suke ciki. Kafin a ba da izinin ɗibar ƙasa ko fitar da hanya, a duba littafin. Ba a ce a karɓe wa manomi gonarsa ba, sai dai a zauna da shi a roƙe shi ya bar tudun da bakin marinar, a kuma dasa kuka inda wata ta faɗi. Mushe a lakwal yana iya fita da yara sau ɗaya a shekara, ya gayyaci dattijo ya yi musu darasin a tsaye cikin kufan. Wannan duk bai kai kuɗin man mota na rangadi guda ba.

Ranar da zan bar ƙauyen na koma na yi wa dattijon ban kwana, na karanta masa abin da na rubuta daga bakinsa. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini sunan rijiya guda, sa'an nan ya sa aka kira wani jikansa da ya iya karatu, ya ce in bar masa kwafi. Na kwafe shafi 6 a zaune bisa tabarmarsa, na miƙa wa yaron.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sai ga wanda ya buɗe ido, ya kuma yi tambaya. In Allah ya sa kun bi hanyar Magarya, ko ta Danciyawo, ko ta Dungas, kuka hangi kukoki sun taru a tsakiyar gona, ku tambayi na kusa da ku sunan wurin. In ya sani, ku rubuta. In bai sani ba, ku nemi wanda ya sani tun yana da rai.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba tsofaffinmu lafiya, ya sa mu riƙe amanar da suka bar mana. Amin.